Kwale-kwale a Cikin Tarago: Daga Landan Zuwa Falmouth

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan tafiya. Yana karatun injiniya a Ingila, kuma tun zuwansa ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu tuƙa ƙananan kwale-kwale marasa inji, waɗanda iska ke turawa da ƙyallen da aka ɗaura a jigo. Da na kai masa ziyara, ba shi da zance sai wannan. Muna shan shayi wata safiya ya ce, "Kawu, ka san kafin mota ta yawaita, a jirgin ƙasa ake kai waɗannan kwale-kwale wurin gasa?" Na ce to ai sai mu bi sawunsu ta hanyar da suka bi. Muka yanki tikitin Falmouth, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila a yankin Cornwall, inda aka tara ƙananan jiragen ruwa na ƙasar a gidan tarihi guda.

Daga tashar Paddington muka tashi da hantsi. Jirgin sabo ne, tsaf-tsaf, ga gudu ba ƙara. Amma abin da na fara dubawa shi ne wurin kaya, kuma bai taka kara ya karya ba: 'yar kanta a bakin ƙofa da akwati huɗu za su cika, sai wani lungu da ake rataye keke, shi ma sai ka nemi gurbi tun kafin ranar tafiya. Babu taragon kaya ko ɗaya a jikin jirgin. Wanda ya zo da abu mai tsawon ƙafa 14 a yau, ko ƙofar dandamali ba zai wuce ba.

Har Exeter babu abin da ya shafe mu, gonaki ne da tumaki. Daga nan ne dogo ya sauka gefen kogin Exe, ruwa ya buɗe a hagunmu, ga ƙananan jirage birjik kwance a taɓo suna jiran ruwa ya dawo. Can gaba a Dawlish layin ya hau kan katangar teku sosai, tsakaninmu da igiyar ruwa bai fi 'yan taku ba, jajayen duwatsu a dama, muna shiga rami muna fita. Injiniya Brunel ne ya shimfiɗa wannan layi, aka buɗe shi zuwa Teignmouth a 1846. A Fabrairun 2014 guguwa ta cinye katangar a Dawlish, ta bar ƙarafan dogo suna lilo a iska, aka yi kusan wata biyu jirgin Landan bai shiga Cornwall ba.

A Teignmouth yaron ya taɓa ni ya nuna bakin kogi. Nan ne Morgan Giles ya kafa masaƙarsa ta jiragen ruwa a 1920, kuma yana cikin manyan maƙeran kwale-kwalen tsere na zamaninsa. Tsakanin bakin ruwan da tashar jirgin ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Da na ga wannan kusanci sai lamarin ya fara zauna mini. Maƙeri a wancan lokaci ba ya jiran mai saye ya zo da mota. In ya gama aiki, sai a ɗora kwale-kwalen a amalanke ko keken doki zuwa tasha, a yi masa shimfiɗa da ciyawa da buhuna don kada katakon ya ƙuje, a ɗaure shi a buɗaɗɗen tarago ko a tura shi cikin dogon tarago mai rufi, a rataya masa takarda mai sunan mai shi da tashar da ta fi kusa da shi. Farashi iri-iri ne. Jirgin kaya ya fi araha amma sai ya ga dama ya iso, jirgin fasinja ya fi tsada amma ka san ranar isowarsa. Akwai kuma zaɓi a kan ɓarna: ka biya kaɗan in ya fashe asararka ce, ko ka ƙara kuɗi kamfani ya ɗauki alhaki.

Mutumin da ya fi kowa bayyana wannan alaƙa a fili shi ne John MacGregor, wani lauya a Landan ɗan asalin Sikotlan. A 1865 ya sa aka ƙera masa ɗan siririn kwale-kwale mai rufi, ya raɗa masa suna Rob Roy. Tsawonsa ƙafa 15, faɗinsa inci 28, nauyinsa kimanin kilo 36, yana da matuƙi mai baki biyu da ɗan ƙyallen iska. A littafin da ya buga a 1866 ya faɗi dalilin wannan tsawo da bakinsa: an yanke shi daidai yadda zai shiga taragon jiragen ƙasa na Jamus. Wato ba teku ce ta ba da awo ba, tarago ne. Kamar kafinta ne da ke zuwa ya auna ƙofar ɗakin amarya kafin ya fara yanka katakon gado. Da wannan ɗan abu MacGregor ya yi tafiyar mil 1,000 a kogunan Turai da tafkunanta, ya shiga Rhine da Danube da Seine da tafkunan Suwizalan, in ruwa ya ƙare ya sa shi a jirgin ƙasa ko keken shanu zuwa wani ruwan. Littafin ya karɓu ƙwarai, samari suka yi ta sa a ƙera musu irinsa, a shekarar kuma ya kafa ƙungiyar masu irin wannan kwale-kwale a kogin Thames. Daga baya ya kai wani Rob Roy ɗin har Nilu da kogin Urdun. Abin da ya ƙara mini ganin girmansa shi ne kuɗin littattafansa da laccocinsa ya zuba su wajen taimakon yaran talakawan Landan.

Muna cikin wannan hira muka wuce Plymouth, jirgi ya rage gudu ƙwarai, ya hau gadar Royal Albert a Saltash. Layi ɗaya ne tak a kanta. A saman ƙofar an rubuta sunan Brunel da shekarar 1859 da manyan haruffa. Ta taga na leƙa ƙasa, kogin Tamar na can nesa, jiragen da ke ɗaure a cikinsa sun koma ƙanana. Hukumar sojan ruwa ce ta gindaya sharaɗin a bar ƙafa 100 tsakanin gadar da ruwa domin dogayen jigajigan jiragenta su wuce, shi ya sa aka ɗaga ta haka. Brunel bai halarci bikin buɗewa ba saboda rashin lafiya. Daga baya aka kwantar da shi a kan gado cikin buɗaɗɗen tarago aka ja shi a hankali ya ga aikinsa, a watan Satumba na shekarar ya rasu.

A Truro muka sauya zuwa ɗan ƙaramin jirgi mai tarago biyu. Layin Falmouth bai fi mil 12 ba, an buɗe shi a 1863, kuma cikin ƙasa da rabin sa'a muka sauka. Muka haɗa azahar da la'asar a masauki, muka ci kifi da dankali a bakin ruwa, shaho-shahon teku na shawagi a kanmu suna neman wafce abin da ke hannunmu, muka kwanta da wuri.

Gidan tarihin yana bakin tashar jiragen ruwa, katon gini ne da aka lulluɓe da katako. Da ka shiga babban zauren sai ka ɗaga kai, domin jiragen a sama aka rataye su da igiyoyin ƙarfe, wasu da ƙyallensu a buɗe, kana hawa matakala kana zagaya su ta ƙasa da ta gefe da ta sama. Yaron bai tsaya ko'ina ba sai gaban wani kwale-kwale mai ƙafa 14, mai suna Thunder and Lightning. Na daɗe a tsaye a kansa. Katakon jikinsa siriri ne ƙwarai, ja mai duhu, an shafe shi da man ƙyalli har kana ganin fuskarka. A ciki an jera haƙarƙarinsa kusa da kusa, tsakanin ɗaya da ɗaya bai fi faɗin yatsu biyu ko uku ba, kuma ko'ina kawunan ƙusoshin jan ƙarfe ne, dubbai, kowace an buga ta da hannu an lanƙwasa bakinta. Na tuna tasha, na tuna yadda taragu ke karo da juna in ana haɗa su, na tuna ɗan dako da ya gaji. A ce wannan abu mai laushi ne ake miƙa wa reluwe a ce a kai shi wani gari. Lallai akwai amana tsakanin mutanen nan da dogonsu.

Tarihin wannan aji na ƙafa 14 shi ne ya fi nuna abin da sufuri ya yi wa wasan. Da can kowane yanki da dokarsa: na yammacin Ingila da irin nasu, na Norfolk a gabas da irin nasu, kowa na tsere da maƙwabtansa yana cewa shi ne gwani. A 1923 hukumar tseren jiragen ruwa ta ƙasar ta haɗa su a ƙarƙashin doka guda. A 1927 aka fara gasar Kofin Yariman Wales a Cowes, a 1928 aka kai ta Lowestoft, garin da ya fi kowane gari a Ingila kusa da gabas, a 1938 kuma aka yi ta a nan Falmouth. Tsakanin Lowestoft da Falmouth kusan mil 400 ne. Gasa irin wannan, mai yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba za ta yiwu ba sai in akwai hanyar da mutum zai kai jirginsa can ya dawo da shi cikin kwanakin hutunsa. Masu hali sun fara jan nasu a bayan mota tun shekarun 1930, amma ga mafi yawan mutane dogo ne hanya. A shekarar 1923 ɗin ce kuma aka dunƙule kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya zuwa manya huɗu. Kayan da ya taso daga gabas zuwa Cornwall sai ya bar hannun kamfani ɗaya ya shiga na wani, amma mai kaya sau ɗaya yake biya, akwai ofishi na musamman tun 1842 da aikinsa shi ne raba kuɗin tsakanin kamfanonin.

Uffa Fox na Cowes shi ya ƙera wanda muke kallo. Shi ne kuma ya girgiza ajin a 1928 da wani mai suna Avenger, wanda ya yi wa ƙasa mai faɗi ta wajen baya yadda in iska ta yi ƙarfi sai ya taso ya riƙa sulɓi a saman ruwa maimakon ya keta shi. A tsere 57 na shekarar ya zo na ɗaya sau 52. Shi Fox ɗin bai jira tarago ba da zai je gasa a Faransa, shi da mutum biyu suka shiga Avenger suka haye teku zuwa Le Havre, suka yi tseren suka dawo ta ruwa. Thunder and Lightning kuwa na wasu matuƙa biyu ne, Peter Scott da John Winter, kuma a gasar Falmouth ta 1938 suka fito da dabarar rataya mutum da waya daga saman jigo, ya tsaya a bakin jirgi ya kwanta a iska jikinsa duka a waje. Suka ci kofin, hukuma ta hana dabarar, sai bayan shekaru masu yawa ta dawo. Yaron ya ce, "Kawu, abin da nake yi duk Laraba ke nan." Na ce masa kada ya kuskura ya nuna wa mahaifiyarsa hoton.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai a gidan ya ga mun daɗe, ya matso. Shi ya ja hankalina ga abin da ban lura da shi ba, wato jigo. Jikin kwale-kwale ba shi ne matsala ba wajen ɗauka, jigon ne, domin na tsere ya fi jikin tsawo nesa ba kusa ba. Ya kai mu gaban wasu tsofaffin ƙananan jirage ya nuna mana yadda aka raba nasu biyu: gajeren jigo a tsaye, sai wata sanda da ake ja sama ta ƙara masa tsawo. In an sauke, sandunan duka su kwanta a cikin jirgin, babu abin da ya leƙo waje, a ɗaure a rufe a ɗauka kamar ƙunshi ɗaya. Da zarar ka gane wannan, sai ka riƙa ganin hannun sufuri a jikin kusan kowane jirgi a zauren.

Daga nan ya nuna mana wani ɗan guntu mai yankakken hanci da jan ƙyalle, na farko a jerin ajin da ake kira Mirror. Da katakon falai aka yi shi, an ɗinke gaɓoɓinsa da wayar jan ƙarfe an bi da gam. Barry Bucknell, mai koyar da aikin hannu a talabijin, da maƙeri Jack Holt suka tsara shi, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyinsa, aka nuna shi ga jama'a a farkon 1963. Tsawonsa bai kai ƙafa 11 ba. Ana sayar da shi a yanke, mutum ya harhaɗa a gidansa, kuma an auna shi ne yadda zai hau rufin ƙaramar mota. An yi sama da 70,000. Shekara kusan ɗari bayan MacGregor ya auna tarago, sai ga masu ƙira suna auna rufin mota.

Ba haka kawai abin ya juya ba. Tun 1854 doka ta wajabta wa kamfanonin jiragen ƙasa na Birtaniya su karɓi kayan jama'a ba tare da fifita wani a kan wani ba. Ko kwandon tantabaru ka kawo, ko garma, ko kwale-kwale, akwai farashinsa a littafi, kuma sai an ɗauka. Dokar sufuri ta 1962 ta sauke wa reluwe wannan nauyi, ta ba shi damar ya zaɓi kayan da yake so. A watan Maris na 1963 rahoton Beeching, shugaban hukumar reluwe a lokacin, ya fito da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin dogo na kusan mil 5,000, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka rufe ƙananan rassa ne masu gangarawa garuruwan bakin teku. Babbar hanyar mota ta M1 an riga an buɗe ta tun 1959. Cikin 'yan shekaru kaɗan hanya ɗaya ta toshe, wata ta buɗe.

Ba zan ce an yi asara zalla ba, don ba gaskiya ba ne. Katakon falai da mota da tirela su suka fitar da wannan wasa daga hannun masu kuɗi suka kai shi gidan malamin makaranta da makanike. Kwale-kwalen Fox aikin gwanaye ne na makonni, kuɗinsa ba na kowa ba ne. Amma akwai abin da ya tafi wanda nake jin ciwonsa. Waccan doka ta 1854 ba ta tambayar ko kana da mota, ko kana da lasisi, ko kana da shekarun tuƙi. In kana da kuɗin awo, kayanka zai tafi. Yau kuwa ɗan ƙanwata ya iya tuƙi, yana da ƙarfi, yana da kwaɗayin gasa, amma da yake ba shi da mota, ba ya zuwa gasar bakin teku sai wani ya rage masa hanya ko ya sami aron jirgi a can. Ga dogo na wucewa ta bakin ruwa a Dawlish da Teignmouth da Saltash, amma ba shi da abin da zai yi masa.

Jamusawa sun bi ta wata hanya tun da wuri. A 1905 wani ɗalibi, Alfred Heurich, ya haɗa kwale-kwale da sanduna da tamfol wanda ake warwarewa a naɗe, ya gangara da shi kogin Isar daga Bad Tölz zuwa Munich. A 1907 wani tela a Rosenheim, Johann Klepper, ya sayi izinin ƙera shi don sayarwa. Ana zuba shi a jakunkuna a shiga da shi jirgi a matsayin kayan fasinja, wasu har da ɗan ƙyallen iska. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu abin ya bunƙasa har ana ware jiragen ƙasa na musamman a ƙarshen mako, su kwashi matasa da jakunkunansu zuwa saman kogi, su harhaɗa a bakin ruwa su gangaro gida. Har yau ana ƙera irinsa, kuma a iya ganina shi kaɗai ne ya rage da mutum zai iya shiga jirgin Paddington da shi.

Da yamma muka hau mota zuwa Mylor, 'yar tasha ce a gefen babban mashigin ruwan da ake kira Carrick Roads. A wannan yanki Ben Ainslie ya koyi tuƙi yana yaro, wanda daga baya ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik. Filin da ke bayan ƙungiyar matuƙan wurin cike yake da tireloli, kowane kwale-kwale a kan ƙafafunsa na roba, an lulluɓe shi da tamfol, jigajigan alminiyom a tsaye wayoyinsu na kaɗawa. Na ga wata mata da 'yarta sun sauko da nasu daga bayan mota, sun tsayar da jigo, sun ɗaura ƙyalle, sun tura shi ruwa, duka cikin abin da bai kai minti ashirin ba. A zamanin tarago wannan aikin kwanaki ne da takardu da 'yan dako. A wannan ruwan kuma har yanzu masu kamun kawa da ƙyallen iska ko matuƙi suke aiki daga Oktoba zuwa Maris, domin dokar wurin ta hana jan raga da inji.

Yaron bai iya ganin ruwa ya ƙyale ba. Kafin in ankara ya shirya da wani mai koyarwa an ba mu aron jirgi mai faɗi na masu koyo, aka sa mini rigar ceto aka ɗaure ta tam. Ruwan da na taka wajen shiga sanyinsa har cikin ƙashi. Ya zaunar da ni a tsakiya ya damƙa mini igiyar ƙaramin ƙyallen gaba, ya ce in ja in ya ce ja, in saki in ya ce saki. Muna barin inuwar tudu iska ta cika ƙyallen, jirgin ya karkata, ruwa ya fara gudu a gefena kusa da gwiwar hannu. Muka miƙe har muna hango ganuwar Pendennis da Sarki Henry na Takwas ya gina a bakin mashigin. Can ya ce, "Kawu, za mu juya, sunkuya!" Na sunkuya, sandar ƙasan ƙyalle ta wuce ta saman kaina, na koma ɗaya gefen na ja igiya. Muka yi ta kai da komo har mai koyarwar ya ɗaga mana hannu daga gaɓa, sannan muka juyo da iska a bayanmu, muka fito muka taimaka aka ja jirgin kan tirelarsa.